Darasin Bakin Teku a Fadamar Kebbe: Abin da Littafin "Building with Nature" Ya Gani da Wanda Ya Tsallake

Daga Dogon Daji zuwa bakin teku mafi kusa ya fi kilomita 600. Mutumin da ke noman albasa a ƙasar Tambuwal ko shinkafa a fadamar Kebbe yana da damar tambaya: ina ruwana da littafin da aka rubuta kan kare gaɓar teku? Amsar ita ce, masu ba da bashin ayyukan raya ƙasa sun rungumi ra'ayin da ke cikin irin wannan littafi, kuma kalmominsa sun fara shigowa takardun ayyukan da ake kawo mana. Gara mu auna shi da kanmu tun kafin a auna mana.

Littafin shi ne Building with Nature, wanda ya fito a 2020 daga wata gamayya ta ƙasar Holan mai suna EcoShape, Erik van Eekelen da Matthijs Bouw suka tace shi. Abin da yake faɗa a taƙaice: maimakon injiniya ya yi ta kokawa da ruwa da bangon kankare, ya fara fahimtar inda ruwa da iska da yashi da tsirrai suka dosa da kansu, sannan ya tsara aikinsa yadda su za su ɗauki rabin wahalar. Ni dai na yarda da wannan ra'ayi. Inda nake da ja shi ne yadda aka gabatar da shi, da kuma abin da yake zama idan ya iso ƙasa irin tamu.

Mu fara da inda littafin ya fi ƙarfi. Gaɓar tekun Holan tana zaizayewa kullum, don haka sun saba zuba mata yashi kusan duk bayan shekara biyar. A 2011 sai suka gwada wata dabara a kudu da birnin Heg, tsakanin Ter Heijde da Kijkduin. Suka jibge yashi mita kubik miliyan 21.5 a wuri guda, tudun da ya kai hekta 128, suka bar shi. Raƙuman ruwa da iska su ne suka riƙa kwasarsa kaɗan-kaɗan suna rarraba shi a tsawon gaɓar. Suka sa masa suna Zandmotor, wato injin yashi, duk da ba inji ko ɗaya a wurin. An lissafa zai yi aiki na kimanin shekara 20, kuma ya ci kusan Yuro miliyan 70. A 2019 Ingila ta kwaikwaye su a Bacton, da yashi mita kubik miliyan 1.8, don kare wata babbar tashar iskar gas da ƙauyukan da ke gefenta.

Don ka ga amfanin wannan tunani, dubi Legas. Igiyar ruwa a gaɓar Afirka ta Yamma tana jan yashi ne daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina ganuwar duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwan Legas don kada yashi ya toshe ta. Mashigar ta tsira. Amma yashin da ya saba isa Bar Beach sai ya tsaya a yamma da ganuwar, teku kuwa ya ci gaba da kwashe na gabas ba tare da an mayar masa ba. Shekara kusan ɗari ana fama da wannan zaizaya. Maganin da aka yi daga ƙarshe shi ne wani bangon, mai tsawon kimanin kilomita 8.5, da ke kare Eko Atlantic, yanzu kuma mazauna ƙauyukan da ke gabas da shi, irin su Okun Alfa, suna kukan teku ya juyo kansu. Bango bai kashe ƙarfin ruwa ba, tura shi ya yi gidan maƙwabci.

To, wannan jimla ta ƙarshe duk wanda ya taɓa zama kusa da kwalbati ya san ta, ko bai taɓa ganin teku ba.

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Shagari da Tambuwal zuwa Jega, a wajen ruwan sama, doguwar ganuwa ce. Ruwan da a da yake malalowa a shimfiɗe cikin gonaki, faɗinsa ɗaruruwan mita, zurfinsa bai wuce idon sawu ba, yanzu dole ya taru ya bi ta bakin kwalbati mai faɗin mita ɗaya ko biyu. Ruwa iri ɗaya ta ƙaramar ƙofa, ai sai ya ƙara gudu. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida a ilimin motsin ruwa da ke cewa idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, nauyin tsakuwar da zai iya turawa yana ninkawa kusan sau 64. Ba sau biyu ba, ba sau huɗu ba. Ƙasar wannan yanki kuwa jigawa ce, yashi a kan duwatsun yashi marasa tauri, irin waɗanda masana ƙasa suka laƙaba wa sunan Gwandu, garin da ke nan kusa. Ruwa mai gudu ya faɗa wa irin wannan ƙasa, damina uku ta isa ya haƙa kwazazzabo. Kwazazzabo kuma da baya yake tafiya, yana cin kansa yana hawowa, har ya iso gindin kwalbatin da ya haife shi ya kayar da shi. Sai a ce ambaliya ta cinye hanya, a sake ba da kwangila, a sake gina kwalbati irin na jiya a wurin na jiya.

Abin da ciyawa da saiwa suke yi shi ne akasin haka. A bakin teku an auna cewa dajin mangurof, bishiyoyin nan masu tsayawa cikin laka da ruwan gishiri, idan faɗinsa ya kai mita 100 yana rage tsayin raƙumin ruwa da kashi 13 zuwa 66 cikin ɗari. Aikin da jema da gamba da giyayya ke yi a bakin gulbi ke nan: su rage wa ruwa gudu, ya sauke lakar da ya ɗauko, wani ya nutse cikin ƙasa. Fadama ita kanta ma'aji ce. Gulbin Zamfara, wanda ke gangarowa ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, idan ya cika ya bazu cikin fadama, ruwan da ya bazu ba zai isa garin gaba a lokaci guda ba. Wanda ya nutse kuma shi ne manomin rani ke zuƙowa da injin ban ruwa a watan Fabrairu. Har nan ni da marubutan littafin bakinmu ɗaya.

Matsalata ta farko da littafin ita ce taswirarsa. Ya kasa duniya gida shida: gaɓar yashi, gaɓar laka, tafkunan kwari, koguna da bakinsu, birane, da tashoshin jiragen ruwa. A kowanne ruwa yana nan shekara cur. Ina ƙoramar da ke bushewa ƙaƙas wata takwas, a yi ta wasan ƙwallo a cikinta, sannan a dare ɗaya na watan Agusta ta tashi da gada? Ina ƙasar da kusan dukan ruwanta ke sauka tsakanin Yuni da Satumba, wadda matsalarta a shekara guda biyu ce, yawan ruwa da rashinsa? Injin yashi yana aiki ne saboda teku ba ya hutu, kullum yana turawa kaɗan-kaɗan, ana iya auna shi a gyara lissafi. Namu ruwan a fusace yake zuwa, sau uku ko huɗu a damina, ya wuce. Tsiron da aka dasa don ya tare shi sai ya fara tsallake rani da bakin awaki. Wani zai ce ai littafin bai yi alkawarin yin magana kan Sahel ba. Gaskiya ne. Amma ana tallarsa a matsayin hanya ga duniya baki ɗaya, kuma a haka ake kawo mana shi.

Ta biyu, su wa suka rubuta? Daga cikin manyan 'yan gamayyar EcoShape akwai Boskalis da Van Oord, kamfanoni biyu da sana'arsu ita ce yasar yashi daga ƙarƙashin teku. Ban ce wannan ya sa bincikensu ƙarya ba ne, akwai cibiyoyin bincike na gaske a cikinsu irin su Deltares, kuma an bibiyi injin yashin da awo na shekaru. Amma mai guduma komai ƙusa yake gani. Ba abin mamaki ba ne misalan da suka fi fice a wannan makaranta su zama waɗanda ke buƙatar jirgin yasa da kuɗi masu nauyi. "Barin ɗabi'a ta yi aiki" da ya fara da Yuro miliyan 70, wannan bari ne na masu hali. A wajenmu yashi fita yake yi daga gulbi, tifa bayan tifa, zuwa wajen masu buga bulo. Duk tifar da ta fita, gindin ƙorama ya ƙara zurfi, bakinta ya ƙara tsayi, ya ƙara saurin ruftawa. Mu injin yashinmu da baya yake juyawa, kuma hana shi juyawar ba ya buƙatar jirgi, doka yake buƙata da wanda zai tsaya a kanta.

Wurin da na fi ƙaruwa da wannan makaranta shi ne wurin da ta yi tuntuɓe. A Demak, a tsibirin Jaba na Indunusiya, daga 2015 aka riƙa kafa shingayen gora da ƙirare a cikin ruwa. Shingen ba ya tare ruwa, rage masa ƙarfi yake yi, laka ta kwanta a bayansa, mangurof ya tsiro da kansa ba tare da an dasa ba. Dabara ce mai kyau mai arha, manomin da ya taɓa jera karan dawa a bakin zaizaya zai gane ta nan take. A wasu wurare ta yi aiki. A wasu kuwa ƙasar ce kanta ke nutsewa, santimita da dama a shekara, saboda masana'antu da gidajen birnin Semarang da ke gefe suna zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. Laka tana taruwa, ƙasa tana sauka fiye da yadda take taruwa. Masu aikin sun faɗi haka da bakinsu, abin a yaba musu. Ciwon yana wajen shingen aikin, a hannun mutanen da ba su cikin taron.

Wannan kam mun san shi sarai. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara a 1978. Masanin nan William Adams ya bi garuruwan da ke ƙasa da madatsar, ya wallafa bincikensa a 1985: ambaliyar shekara-shekara da fadama ta dogara da ita ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, mutane suka koma gero da dawa masu ƙarancin riba, kamun kifi ya faɗi. A can gabas, Edward Barbier da abokan aikinsa sun kwatanta amfanin da ake samu daga ruwa idan aka bar shi ya malala a dausayin Haɗeja da Nguru, da amfaninsa idan aka tare shi don aikin noman rani na Kogin Kano. Dausayin ya fi, nesa ba kusa ba, da aka haɗa noma da su da itace. Da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa ke tafiya, ya zama yana kwance duk shekara a wasu hanyoyin, sai kachala ta mamaye su ta toshe. Kachala ma ai tsiro ce, ɗabi'a ce. Wanda ya ɗauka duk abin da ya yi kore alheri ne, ya je ya tambayi masuntan Nguru.

Haka kuma a Satumbar 2010, lokacin da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, mai ɗaukar mita kubik miliyan 942, ambaliyar ta share ƙauyukan kwarin Rima ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Babu yawan jemar da za a dasa a bakin gulbi da za ta tare wannan. Ga mutanen Kebbe, abin da ke zuwa musu a Gulbin Zamfara an riga an yanke hukuncinsa a sama, a dazukan Anka da Bukkuyum da ake sarewa da ƙasar da ake tonawa neman zinariya. Ambaliyar da ta afka wa Gummi a Agustan 2024 a gulbi ɗaya take da su. Jiha daban, gwamna daban, kasafin kuɗi daban, ruwa ɗaya. Littafin yana da babi-babi kan haɗa masu ruwa da tsaki da shigar da tsarin cikin hukumomi, amma an rubuta su ne da tunanin ƙasar da ke da hukumomin ruwa tun ƙarni na 13, masu karɓar harajinsu da kansu, masu zaɓen shugabanninsu. Mu muna da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tun shekarun 1970, amma manomi nawa ne a Kebbe ya san ranar da za a buɗe wata madatsa, ko ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa?

Sai babbar magana, wadda nake ganin littattafai irin wannan suna wucewa ta kanta da sauri: fili. Duk wata dabarar aiki da ɗabi'a fili take ci. Bango siriri ne, fadama faffaɗa ce. Bayan ambaliyar 1995, wadda ta sa aka kwashe mutum kusan 250,000, Holan ta ƙaddamar da shirin ba kogi wuri, ta kashe kimanin Yuro biliyan 2.3 a wurare sama da 30. A Nijmegen an ja ganuwar kogin Waal baya da mita 350, aka rushe gidaje kusan 50. An yi shekaru ana jayayya, an biya diyya, sannan aka yi. Mu kuma tarihinmu na karɓar fili don aikin ruwa shi ne Bakolori, inda manoman da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu suka gamu da harsashin 'yan sanda a Afrilun 1980. Kuma a ƙasar Tambuwal da Kebbe, filin da za a ce a bar wa ruwa shi ne fili mafi tsada: bakin gulbi, inda ake albasa da tattasai da shinkafa, inda makiyayi ke sauko da shanu da rani, inda rigimar burtali da mashaya ta riga ta yi zafi. Ka ce wa mai kadada guda ya bar mita goma na bakin gulbi ga jema, ka ɗauke masa kuɗin makarantar 'ya'yansa ne don hanyar da motocin wasu ke bi ta tsira. Wa zai biya shi? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuma ta amfanin da ke kan gona ce da abin da aka gina, ba ta ƙasar kanta ba. Muddin ba a amsa wannan tambaya ba, "aiki da ɗabi'a" wani sabon suna ne na a ɗora wa talaka nauyin kare dukiyar gwamnati. Ga kuma matsalar tsaro, wadda ta sa a wasu ƙauyuka duhuwar daji ta zama abin tsoro, ba abin so ba. Wannan ma injiniyan Holan bai taɓa lissafa shi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, misalin da ya fi dacewa da mu yana nan tsallaken iyaka, da Hausa ma ake yinsa. A yankin Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su suka lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara, sabara da kalgo da geza da gawo, saiwarsu na raye. Maimakon a dasa sabo, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Suka kira shi sassabin zamani. Binciken hotunan tauraron ɗan adam ya nuna abin ya bazu a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, bishiyoyi kusan miliyan 200. Abin da ya sa ya kama ba dabarar kaɗai ba ce, sassaucin da aka samu ne har manomi ya tabbata bishiyar da ya raina tasa ce, jami'in gandun daji ba zai ci shi tara ba idan ya sare reshe. A yankin Tawa kuma an gina gajerun madatsai a cikin kwaruruka, waɗanda ba tara ruwa suke yi ba, baza shi suke yi gefe da gefe ya sauke laka ya jiƙa ƙasa. Wannan shi ne ɗan'uwan injin yashi na gaskiya: ɗan gini kaɗan, sauran aikin ruwa ya yi. Bankin Duniya ma ya fitar da jagora a 2021 kan yadda za a gina hanya ta zama mai tattara ruwa, har da shawarar a wasu ƙoramun yashi a shimfiɗa kankare a ƙasa ruwa ya bi ta kai, maimakon kwalbatin da zai toshe. Matafiyi zai jira awa biyu ruwa ya janye, sau kaɗan a shekara, amma hanyar tana nan, yashin da ya taru a bayanta kuma ya riƙe ruwa har rani.

A gida fa? Shirin ACReSAL, na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, a takarda yana magana da wannan harshe, na kula da kwarin ruwa gaba ɗayansa. Sakkwato kuma tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi. Abin da ya fi fitowa a labarai dai shi ne adadin dashen da aka raba. Adadin dashe ba ma'auni ba ne. Ma'aunin shi ne nawa suka rayu bayan rani uku, kwazazzabo ya tsaya ko yana tafiya, ruwan rijiyar fadama ya hau ko ya sauka. Wannan ne abu guda da zan so mu kwafa daga Holan ba tare da gyara ba: sun zuba yashinsu, suka yi shekara goma suna aunawa, suka buga sakamakon har da inda lissafinsu ya kauce.

Akwai kuma gwaji a gabanmu. A 2024 aka ƙaddamar da babbar hanyar kankare mai tsawon kilomita 1,068 daga Illela zuwa Badagry, wadda za ta haɗa Sakkwato da bakin tekun da muka ce ya yi mana nisa. Za ta ratsa ƙoramu da fadamu masu yawa a Sakkwato da Kebbi, a kan tudun ƙasa da aka ɗaga. A kowace mahaɗa akwai lissafin da wani injiniya ya yi: faɗin ƙofar da aka bar wa ruwa, girman ambaliyar da aka ɗauka za ta zo, da gonar da ruwan zai faɗa idan ya fito ta ɗaya gefen. Waɗannan lambobi suna cikin rahoton tasirin aikin ga muhalli, wanda dokar 1992 ta ce a baje shi jama'a su gani su yi magana. Ɗaliban injiniya da na labarin ƙasa a jami'o'in Sakkwato da Aliero suna iya neman sa, su ɗauki ma'auni su je bakin ƙoramar da ta fi kusa da garinsu a watan Agusta, su kwatanta da alamar da ruwan bara ya bari a jikin bishiya.